Orval da A-kori-kurar Marigayi

Yayana Orval Kasik bai taɓa sayen abu bai shinshina shi ba. Tun muna yara a gidanmu da ke cikin tuddan yashi na yammacin Nebraska, in Babanmu ya dawo daga gari da sabon sirdi ko buhun gishirin shanu, Orval hanci yake fara kaiwa kafin hannu. Da halin ya girma, da shi ya tsufa. Mutanen garinmu suna cewa ko matarsa Lavon sai da ya shinshina kafin ya aura, ita kuwa, Allah ya jiƙanta, takan ce ai shi ya sa ya dace.

A gidan nan aka haife shi, kuma ban san ya taɓa yin mako guda a wani wuri ba, in ban da lokacin da ya yi jinyar Lavon a asibitin birni ya dawo shi kaɗai. Ɗansu guda, Kurtis, yana birnin Omaha yana aikin ofis, ko warin kashin shanu ba ya son ji. Abin da ya rage wa Orval a duniya shi ne garkensa, jajayen shanu masu farar fuska, jikokin jikokin waɗanda kakanmu ya koro da ƙafa ya zo da su ƙasar nan. Maƙwabta duk sun koma kiwon baƙaƙe tun tuni, don su ne masu daraja a kasuwa. Shi ya ce ba zai sake launi da tsufansa ba. In ka nuna masa karsana zai gaya maka uwarta da kakarta, har da wadda ta taɓa harbin Babanmu a gwiwa a cikin danginsu, amma ranar haihuwar Kurtis sai na tuna masa.

Ni ce Twila, ƙanwarsa. Na binne miji ɗaya, na kori ɗaya, kuma na daɗe ina zuba wa maza kofi a ɗakin abincin da ke jikin kasuwar shanu. Don haka babu ƙaryar mota ko ta saniya da ban ji ba.

Shekarar da nake ba ku labari, fari ya shiga shekararsa ta biyu. Ciyawa ta bushe tun kafin ta kai idon sawu, in ka taka sai ta karye ta bi iska. Tafkuna sun zama taɓo, taɓon ya tsattsage. Kowace ranar kasuwa layin tireloli yakan kai har bakin titi, maza suna sauke shanun da suka yi shekaru suna tarawa. Orval ya yi ta rage nasa, ya fitar da maruƙa, ya fitar da tsofaffi, har ya rage masa iyaye talatin da 'yan kai, waɗanda ya kira tushen garken. Su kam in suka shiga kasuwa magana ta ƙare, don babu mai sayen ramammiyar jar saniya a irin wannan shekara don ya kiwata. Hannun mahauta za su faɗa.

Ana cikin haka wani mutum a jihar Wyoming da ke maƙwabtaka da mu, can saman duwatsu inda aka samu ruwan sama, ya yarda zai riƙe masa su har kaka. Sharaɗinsa ɗaya ne, su iso kafin wata ya ƙare, don akwai masu roƙonsa wurin da yawa. Tirela kuwa Orval yana da ita, tsohuwar tirelar ƙarfe mai dogon wuya da ake saƙalawa a tsakiyar bodin mota, wadda ko babu komai a ciki nauyinta ya ishi ƙaramar mota kuka. Abin ja ne babu. A makon nan injin tsohuwar a-kori-kurarsa ya buga, tana jan tankin ruwa, bakanike ya leƙa ya ce a yi mata addu'a kawai. Aro babu, kowa motarsa na kan hanya, ko ɗebo ruwa ko neman ciyawa. Manyan motocin haya kuma an kama su har ƙarshen bazara.

Sabuwa ba ta taso ba ma. Ta hannu zai saya, mai shan dizal, mai ƙarfin da za ta hau dutse da shanu a bayanta. Ni na zama direbansa a 'yar ƙaramar motata, kuma a kwanakin nan na gane abin da Lavon ta sha.

Orval ba ya gaya wa mai mota ranar da zai zo. Da sassafe muke dira, kafin a gaisa ya ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi, to an tayar da ita kafin mu iso don a ɓoye yadda take tashi da sanyi, sai ya ce in juya mu tafi. In ta tsallake wannan, sai a tayar, ya koma baya ya tsugunna yana kallon hayaƙin salansa kamar mai duba. Ya kwance murfin baƙin mai ya ajiye shi sako-sako a bakin ramin, in murfin ya kama rawa, injin ya gaji. Ya zaro sandar man giya ya goga a yatsa ya kai hanci. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da sukudireba yana tsokalar ƙarfe, don gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin gindin mota alhali samanta na ƙyalli. Ni ina tsaye a rana ina ba masu gida haƙuri.

Wani dillali mai ƙaton tumbi ya gaji da shi, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Baba, mota ka zo saya ko kwana za ka yi a nan in kawo maka bargo?"

Orval ya fito yana kakkaɓe tsatsa daga gira, ya miƙa masa wani ɓallin ƙarfe da ya ɓamɓaro, ya ce, "Riƙe wannan, ɗana. Sauran motar ma tana nan tafe a hankali."

Haka muka yi ta yawo, wata ya ce giyarta ta ƙone, wata ya ce samari sun taɓa injin don ya yi ƙara, wata kuma bai ma fito daga motata ba, ya ce wanda ya bar kare ya cinye kujera ba zai tuna da canjin mai ba. Kwana na tafiya, ciyawar da ke rumbunsa na ƙarewa. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya ce in bari, kan dutse ba wurin gwaji ba ne.

Ranar wata Asabar ya samu motar da yake nema. Mummuna ce ta gaske, fara, ƙofa ɗaya shuɗiya, gilashin gaba a tsage. Amma tayoyin baya bibbiyu ne kowane gefe, sifirin ɗinta jibga-jibga, giyar hannu ce, kuma mai ita ciyawa yake ja da ita, ya san abin da ake nufi da kaya. Orval ya shinshina duk abin da ake shinshinawa, ya fito daga ƙarƙashi babu ko ɓallin tsatsa a hannunsa, na san ta yi. Ya ce wa mutumin zai dawo Litinin. A hanyar gida har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun Lavon na da rai.

Washegari Lahadi muka je coci. Bayan an tashi, ana shan kofi da kolaci, gurasar nan mai zaƙi da iyayenmu suka zo da ita, sai Nadine Brummet ta nufo mu. Nadine matar Delbert ce, Delbert kuwa shi ne aminin Orval tun suna hawa doki ɗaya zuwa makaranta. Shi ya kama gaban akwatin gawar Lavon, Orval kuma ya kama gaban nasa a farkon shekarar nan, bayan Delbert ɗin ya sha doguwar jinya. Ta riƙe hannun Orval da hannu biyu, a gaban fasto da kowa, ta ce ta ji yana neman mota. Ta ce Delbert kafin ya cika ya gaya mata kada ta bar dillalai su taɓa a-kori-kurarsa, in za ta fita daga gidan to hannun Orval za ta. Tana faɗa tana hawaye, tana murmushi, don a ganinta Allah ne ya haɗa buƙatarsa da wasiyyar mijinta.

A wajenmu in matar mamaci ta kira sunanka ta ce kai ne za ka ɗauki kayan aikin mijinta, ta girmama ka ke nan. Ba a tayawa, abin da ta faɗa shi za ka bayar. Ba a kuma dubawa. Namiji a ƙasarmu da yadda ya riƙe injinsa da shingensa ake auna shi, saboda haka in ka buɗe bonet a gaban matarsa, kamar ka ce mata bari in gani ko mijinki mutumin kirki ne. In kuwa ka ce ba ka so, ka riga ka ba da amsa. Na ga an yi wa mata da yawa wannan karar, har ni an yi mini lokacin da na rasa mijina na fari, kuma na ji daɗinta. Ban taɓa tunanin za ta zo ta ci gidanmu ba.

Da yamma muka je. Motar na cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol, ja ce, tana sheƙi, Nadine ta sa an wanke ta. Dizal take sha, gaskiya ne, amma daga bakin ƙofa na ga abin da ya gani. Tayar baya ɗaiɗai ce, gindinta siriri, giyarta mai canja kanta. Delbert ya daɗe da barin jan shanu, kwalekwalen kamun kifi yake ja da ita zuwa tafki, kuma tun da ya kwanta ba ta motsa ba. Orval ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwansa duka biyu a aljihu. Na lura da hannuwan nan, ya dunƙule su kamar mai riƙe kare. Ya ce wa Nadine Delbert ya iya riƙon mota. Ta ba shi makulli, ya cire hula ya karɓa.

Da ta shiga gida ɗauko takardu na matso kusa da shi.

Na ce, "Yaya, tayar baya ɗaiɗai ce fa."

Ya ce, "Ina da ido."

"Ko sandar man giya ba ka zaro ba. Kai da ka hana ni barci mako biyu kana shinshine-shinshine."

"Rage murya, Twila."

"Ka ce mata ka riga ka yi magana da wani mana. Ai ba ƙarya ba ne."

"Ban ba shi hannu mun ƙulla ciniki ba. Kuma a gaban fasto ta faɗa. So kike gobe a ce Orval ya ga motar Delbert ya ƙi?"

"A ce mana. Shanunka za su ci abin da aka ce?"

Ya kalli ƙofar da Nadine ta shiga. Can ya ce zai rage kaya, ya yi sawu da yawa, ya bi ta a hankali. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, ni ma na sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi, da Delbert da ke kabari, da garin gaba ɗaya. Kuɗin mota biyu kuwa ba shi da su, don haka farar mummunar ta tafi hannun wani.

Aka kai ta wurin mai walda ya dasa mata ƙugiyar tirela a bodi, ya yi aikinsa bai gaya masa ta yi wa tirelar ƙanƙanta ba, don shi ma ya san motar wane ce. Ranar tafiya muka loda sawun farko, bai cika tirelar ba kamar yadda ya yi alkawari. Duk da haka da shanun suka shiga sai bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. Na ce zan bi shi, bai hana ni ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta ba mu matsala ba. Muka wuce gonakin da suka ƙone, muka shiga Wyoming rana na tsaka. Orval bai kunna rediyo ba, kunnensa na kan injin. Da muka fara hawa sai giyar ta kama shiga tana fita, motar ta yi ƙugi ta ja, ta saki, ta sake ja. Ya tsaya sau biyu don ta huce. A hawa mafi tsawo, inda hanya ta matse, dutse a dama, rami a hagu, wani wari ya shigo mana kamar an bar tukunya a wuta. Wannan karon ba sai ya kai hanci ba. Injin na ta ihu, motar ba ta gaba, sai ma ta fara zamewa baya. Ya danne birki, ya ce in sauka in sa duwatsu a bayan tayoyi.

A nan muka tsaya. Waya ba ta kamawa a wurin. Babu inuwa, babu inda za a sauke saniya, in ka buɗe ƙofa ko su faɗa rami ko su bi titi. Tirelar ƙarfe ce, rana na dukanta, kuma iskar da ke shiga lokacin da ake tafiya ta ɗauke. Ga ta a karkace a kan gangara, duk nauyin shanun ya koma kan na baya. Da ma a rame suke. Muka ba wani mai wucewa saƙo ya kai gari, muka ɗauki ruwan da muke da shi muna watsa musu ta tsakanin ƙarafa, ruwan da bai kai ya jiƙa musu baya ba.

Ta farko da ta durƙusa wata tsohuwa ce mai karyayyen ƙaho, wadda take jan garken zuwa ruwa. Orval ya zura hannu yana jan wutsiyarta, yana kiranta, yana roƙonta ta tashi, sauran suna taka ta ba da son ransu ba. Ƙarfen ya ƙona masa dantse bai ji ba. Ban taɓa jin yayana yana roƙon wani abu ba sai ranar. Na zauna a bakin hanya na yi kuka, kukan shanun da na haushi a haɗe.

Sai da rana ta karkata wani makiyayi na yankin ya iso da babbar motarsa. Ya saƙala tirelar ya gangara da ita zuwa wani shinge a gindin dutsen, don ya ce ba za su kai sama da rai ba. Da aka buɗe, uku ba su tashi ba. Sauran suka fito suna tangaɗi, biyu suka zubar da ciki a kwanakin da suka biyo. Kafin su murmure, kafin a samo wata giyar a ɗaura wa motar, wata ya ƙare. Mutumin Wyoming ya bugo waya ya ba da haƙuri, ya ce ya jira iyakar abin da zai iya, ya ba wani wurin. Ban ga laifinsa ba.

Garinmu kuwa ya haɗa baki. Kowa ya san abin da ya faru a kan dutsen, daga mai walda har fasto, amma aka bar Nadine a kan cewa mutumin Wyoming ne ya saɓa magana. Orval da kansa ya bi mutane yana roƙon haka. Ni ma ya zo har ɗakin abinci ya same ni, ya ce in na buɗe baki ba shi ba ni. Na ce masa ya je ya yi wa shanunsa wannan barazanar. Amma na yi shiru, ban san dalili ba har yau.

Ciyawar rumbu ta ƙare a tsakiyar watan da ya biyo. Daga gidansa zuwa kasuwa ba nisa, kuma hanyar a shimfiɗe take kamar tabarma. Da jar motar ya yi ta kwaso su, kaɗan-kaɗan, tun safe. Ina kallo ta taga, tana shigowa tana fita, ko tari ba ta yi ba. Mai gwanjo ya faɗi sunan Orval da na Babanmu da na kakanmu kafin ya fara, wasu tsofaffi suka cire hula. Bai hana komai ba. Masu saye wa mahauta su uku ne a layin gaba, su suka raba garken a tsakaninsu, ba a ɗauki lokacin shan kofi ɗaya ba.

Da aka gama ya shigo ya zauna a kan dogon teburi, na ajiye masa kofi bai taɓa ba. Sai ga Nadine da faranti a rufe, ta toya masa kolaci don ta ji yau ce ranar. Ta zauna kusa da shi ta yi masa jaje, ta zagi mutumin Wyoming iyakar zagin da mace mai zuwa coci za ta iya. Sannan ta leƙa taga ta ga motar a tsaye da tirela a bayanta, fuskarta ta washe.

Ta ce, "Ko ba komai na ji daɗi tana hannunka. Ba ta ba ka wahala dai ko?"

Butar kofi na hannuna, na buɗe baki. Orval ya kama mini wuyan hannu ta ƙarƙashin teburin, ya matse har na ji zafi. Mazan da ke ɗakin duk suka sunkuya kan farantansu.

Ya ce, "Ko kaɗan, Nadine. Ita ta kawo su duka yau."

Ta ce ta sani, Delbert bai taɓa wasa da mota ba. Ta sumbace shi a kumatu ta tafi.

Da na tashi aiki na ce zan raka shi gida, don ban so ya shiga gidan nan shi kaɗai ba. Muka hau, farantin na kan cinyata. Tirelar na ta ƙarau-ƙarau a baya, motar kuwa tana tafiya sumul. Muka iso ƙofar makiyayarsa. Na sauka na buɗe, ya wuce da motar, na ja ƙofar zan rufe. Ya leƙo ta taga ya ce in bar ta a buɗe, babu abin da zai fita.